Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jaguar E-Type Ko Bugatti Chiron?

A watan Maris na 1961, a wurin baje kolin motoci na birnin Geneva da ke Suwizalan, kamfanin Jaguar na Ingila ya fito da wata sabuwar mota mai suna E-Type. 'Yan jarida suka yi ca a kanta, kowa yana son a zagaya da shi a ciki, har motar da aka ware don gwaji ta yi kaɗan. Sai aka aika wa direban gwajin kamfanin, Norman Dewis, cewa ya ajiye duk abin da yake yi ya kawo wata. Ya tuƙo ta cikin dare tun daga Coventry, aka tsallaka da ita teku, gari ya waye masa a hanyar shiga Geneva. Shekara 55 bayan nan, a watan Maris na 2016, a wannan baje kolin dai, kamfanin Bugatti da ke Molsheim a Faransa ya fito da Chiron, motar da hotonta ke kan fuskar wayar ɗalibai da yawa a makarantar nan.

Duk wanda ya taɓa kwana a hostal ya san musun mota ba ya ƙarewa, musamman in an ɗauke wuta kowa ya fito shan iska. Wannan ya ce Bugatti, wancan ya ce Ferrari, wani ya ce ai Ronaldo ma yana da Chiron, magana ta ƙare. Na san akwai mai karanta wannan shafi da zai ja tsaki ya ce, "Kai da kake cin garau-garau bashi, ina ruwanka da motar miliyoyin Yuro?" Ya yi gaskiya, babu ɗayanmu da zai sayi ko madubin gefenta nan kusa. Sai dai da yawanmu da inji za mu ci abinci in mun karɓi difloma, kuma abin da aka fara gwadawa a motar attajirin Turai shi ne yake sauka a garejin unguwarmu bayan shekara goma ko sha biyar. Musun nan ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don masu son gardama su shirya. Chiron ta fi E-Type a kusan duk abin da ake aunawa da lamba. Amma in aka tambaye ni wacce ce ta fi cancanta ta zama abin koyi ga mai neman zama injiniya, E-Type zan nuna. Dalilina ɗaya ne: ita za ta ci gaba da tafiya ko da kamfanin da ya ƙera ta ya rufe gobe, domin duk wanda ya san aikin ƙarfe zai iya fahimtarta ya gyara ta. Chiron kuwa, ko ka biya kuɗinta lakadan, sirrin cikinta yana hannun waɗanda suka ƙera ta.

Mu fara da lambobi

E-Type ta farko tana da inji mai silinda shida a jere, lita 3.8, da kafireta uku. Kamfani ya ce ƙarfinta dawaki 265 ne, kuma tana gudun mil 150 a awa, wato kusan kilomita 240. Sanannen abu ne cewa motocin da aka ba 'yan jarida su gwada an ɗan ƙara musu gishiri, wadda mai saye ya samu ba lallai ta kai haka ba, amma ko da an rage wani abu, a 1961 wannan gudu ne na motar tsere. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne farashi: fam dubu biyu da 'yan kai, kusan rabin kuɗin Aston Martin DB4. Wanda ya tsara siffarta, Malcolm Sayer, ya yi aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol, kuma da lissafi da takarda ya fitar da dogon hancin nan nata, yana auna yadda iska za ta bi jikinta ta wuce. Daga 1961 zuwa 1974 an ƙera sama da 72,000. A 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya saka guda ɗaya cikin kayansa, kamar yadda ake ajiye zane mai daraja.

Chiron kuwa wata halitta ce daban. Silinda 16 aka jera da siffar harafin W, lita 8, turbo huɗu, ƙarfin dawaki 1,500, da lagireto goma don sanyaya wannan wutar. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa ba ta kai daƙiƙa biyu da rabi. Da makullin yau da kullum kwamfuta tana tsayar da ita a kilomita 380. In kana son 420 sai ka saka makulli na biyu, motar ta duba tayoyinta da sauran sassanta kafin ta yarda. A 2019 direba Andy Wallace ya kai kilomita 490 a awa da wata Chiron da aka yi wa gyara na musamman, a filin gwaji na Ehra-Lessien a Jamus. Nauyinta kusan tan biyu ne, E-Type kuwa kimanin tan ɗaya da kwata. Farashinta na farko Yuro miliyan 2.4, kuma guda 500 kacal aka yi, ta ƙarshe ta fita a 2024.

Ga wani lissafi da 'yan Mekanikal za su ji daɗinsa. In ka raba 1,500 da 265 za ka samu kusan 5.7, wato Chiron ta ninka E-Type ƙarfi fiye da sau biyar da rabi. In ka raba 420 da 240 kuwa, 1.75 kacal za ka samu. To ina sauran dawakin suka tafi? Iska ta cinye su. Ƙarfin da mota ke buƙata don keta iska yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu, kuma 1.75 sau 1.75 sau 1.75 ya kama kusan 5.4. Lissafi ne na sama-sama, tunda faɗin gabansu da siffarsu ba ɗaya ba ne, amma ya nuna inda kuɗin ke tafiya. Dawaki sama da 1,200 aka ƙara don a sayi gudun da filaye ƙalilan ne a duniya za su iya ɗauka. A kilomita 420 kana cin mita 117 duk daƙiƙa, ya fi tsawon filin ƙwallo, kuma tankinta na lita 100 ba ya kai minti 15 a wannan gudun.

Gaskiyar da masoya tsohuwar mota ba sa son ji

Kafin a ce son tsohon abu ne ya rufe min ido, bari in lissafa laifuffukan E-Type da kaina. Giyar farko ta samfurin 3.8 ba ta shiga salin-alin sai mota ta tsaya cak, sai a 1964 da aka fito da injin lita 4.2 aka gyara wannan. Tana saurin yin zafi a cunkoso. Tsatsa tana cin ƙasanta. Wayoyin wutarta sun yi ƙaurin suna wajen ba da kunya. Ba ta da sauƙin gyara kamar yadda wasu ke zato: in za ka canza kuloci sai ka sauke inji, kuma birkin baya an cusa shi can ciki tsakiyar mota, nesa da taya, inda hannu ke shan wahala kafin ya kai.

Babban laifin shi ne tsaro. Bel mai kama ƙugu da ƙirji a 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya zama dole. Birkin ABS na lantarki, wanda ke hana taya ƙamewa, a 1978 Bosch da Mercedes suka saka shi a kasuwa. Na'urar hana mota juyawa a kwana sai 1995. E-Type ta farko ba ta da waɗannan na'urori, ba ta da jakar iska. In ka yi kuskure a kwana, kai da ƙarfe ne. Chiron kuwa an gina ɗakin direbanta da zaren kabon mai tsananin ƙarfi, ƙafafunta huɗu duka suna ja, kwamfuta tana gyara kuskurenka kafin ka san ka yi shi. Sannan E-Type 'yar zamanin fetur mai darma ce, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, wadda sai a 2021 aka daina sayar da ita a gidan mai na ƙarshe a duniya, a Aljeriya. Duk wanda ya ce motocin da sun fi na yanzu a komai, bai taɓa ganin yadda suke zama bayan karo ba. A nan sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau, kuma rayukan mutane ne ribar.

A buɗe bonet

To me ya sa na tsaya a kan E-Type? A buɗe bonet a gani. Nata duk gaban motar ne yake ɗagawa gaba ɗaya ya kifa gaba, sai ga inji da ƙafafun gaba da sitiyari a fili kamar zanen littafin aji. Kana iya bin mai da ido daga tanki zuwa kafireta, ka bi wuta daga batir zuwa filogi. Kafiretarta ma darasi ce: iska tana bi ta ƙuntataccen wuri, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo mai, wata siririyar allura mai tsini tana hawa tana sauka tana daidaita yawansa. Wannan ita ce ƙa'idar Bernoulli da muka haddace don jarrabawa, ga ta a gabanka tana aiki. Tsofaffin kanikawan Ingila da guntun tiyo suke daidaita kafiretocin nan uku: su sa baki ɗaya a bakin kafireta, ɗaya a kunne, su saurari shan iskar kowacce har sautin ya zo ɗaya. Kayan aikin da kake buƙata sifana ce da sukundireba da ma'aunin tazara da littafin gyara, wanda kowa zai iya saye. In wani ƙarfe ya ci ya ƙare, mai injin sassaƙa ƙarfe zai auna shi ya fitar da sabo.

Chiron ma ana ganin saman injinta a baya, amma kallo ne kawai. Aikin da ya wuce duba mai sai an kwance sassan jiki, kuma ko ka kwance, abin da ke yanke hukuncin yawan mai da lokacin wuta da matsin turbo manhaja ce da ke cikin akwatunan kwamfuta, wadda ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Tun zamanin yayarta Veyron, Bugatti yana saka na'urar da ke aika bayanin lafiyar mota zuwa Molsheim in mai ita ya amince, kuma yana da ƙwararrun da yake kira likitoci masu tashi, waɗanda ke hawa jirgi su je duk ƙasar da mota ta samu matsala. A idon attajiri wannan gata ne, kuma gata ne ɗin. Ni kuwa abin da na gani shi ne mutum ya biya Yuro miliyan biyu da wani abu, amma kamfani ya fi shi sanin halin da motarsa ke ciki, kuma ba shi da wurin zuwa sai wajensu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mota tasa ce a takarda, ilimin da ke tafiyar da ita aro ne.

Yadda kowacce ke tsufa

Ƙarfe da manhaja ba iri ɗaya suke tsufa ba. Ƙarfe yana ci a hankali, yana ba ka alama da ƙara ko yoyo, kuma ana iya sake shi. Kayan lantarki kuwa duniya ce take wucewa ta bar su. Misali mafi kyau shi ne McLaren F1, wadda aka ƙera daga 1992 zuwa 1998, guda 106 kacal, kuma mutane da yawa na ɗaukarta a matsayin sarauniyar motocin gudu na zamaninta. A 2016 labari ya bazu cewa kamfanin yana amfani ne da tsofaffin kwamfutocin cinya na Compaq na shekarun 1990 wajen duba ta, domin da su kaɗai kwamfutar motar take iya magana a lokacin. Motar miliyoyin daloli ta rataya a wuyan kwamfutar da ko kyauta aka ba ɗan ND I ba zai karɓa ba. Haka kuma a 2022, da kamfanonin waya na Amurka suka kashe layin 3G, motoci da yawa da ba su kai shekara goma ba suka rasa kiran gaggawa na kai tsaye da buɗe ƙofa daga nesa. Babu abin da ya karye a jikinsu, layin da suka dogara da shi ne aka rufe.

Bugatti ma ya san da wannan. Ku duba cikin Chiron da kyau: babu ƙaton allon taɓawa a tsakiya irin na sauran motocin yanzu, kuma malejinta na allura ne, an rubuta shi har 500. Magajiyarta Tourbillon, da aka nuna a 2024, masu ƙera agogo na Suwizalan aka ba aikin malejinta, da ƙananan haƙoran ƙarfe da ake gani suna juyawa. Kamfanin da ya fi kowa kuɗin sayen allo ya guje shi, saboda ya san allon bana abin dariya ne nan da shekara ashirin. Sai dai maleji kawai aka kuɓutar, akwatunan kwamfutar da ke ƙarƙashi suna nan.

Tsofaffin kuwa har yau ana tsere da su. Tun 1998 ake taron Goodwood Revival a Ingila, inda motocin shekarun 1950 da 1960, har da E-Type, suke fafatawa da gaske, a goge juna, a koma a gyara, a dawo baɗi. A 2014 Jaguar ya sanar da ƙera sababbin E-Type marasa nauyi guda shida, don cike gurbin 18 da aka yi niyya a 1963 aka tsaya a 12. Ya iya yin haka ne domin zane da awo suna nan, kuma aluminiyam bai canza hali ba. A kasuwar gwanjo, an sayar da Ferrari 250 GTO ta 1962 a kan dala miliyan 48.4 a 2018, sannan a 2022 Mercedes 300 SLR ta 1955 ta tashi a kan Yuro miliyan 135. Ba zan ce sauƙin gyara ne ya ba su wannan farashin ba, ƙarancinsu da tarihinsu ne. Amma wanda ya saya ya san jikokinsa za su iya tayar da su. Wa zai iya yi wa mai Chiron wannan alƙawarin na shekara ta 2080?

Matsalar kwaɗon ce

Abokaina na sashen Kwamfuta za su ce na mai da manhaja abokiyar gaba. A'a. Kwamfuta a mota alheri ce in an bar ƙofarta a buɗe. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da soket iri ɗaya mai baki 16, wanda ake kira OBD-II, kuma lambobin matsala na asali ma'anarsu ɗaya ce ko wace mota ce. Wannan doka ɗaya ta ba ƙaramin bakanike a ko'ina a duniya damar jona na'ura mai arha ya ji abin da ke damun inji cikin minti biyu, aikin da a E-Type zai iya cin yini. Wato ana iya yin mota ta zamani wadda ke bayyana ciwonta ga kowa. Abin da ke faruwa shi ne kamfanoni suna barin ƙofar falo a buɗe su kulle ɗakunan ciki: sabon sashe sai an yi masa rajista da kwamfutar dila kafin ya yi aiki, bayanai masu muhimmanci suna tafiya kai tsaye zuwa kamfani ta iska.

Kwaɗon nan yana da illa da aka riga aka gani. A 2015 aka gano Volkswagen ya saka manhaja a motocin dizal kusan miliyan 11, wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi ta gyara hali, in an koma titi ta saki. Shekaru ta yi a ɓoye domin babu wanda ke iya leƙa cikinta. A 2022 BMW ya fara neman kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna ɗumama kujera, alhali wayoyin suna cikin kujerar da ka riga ka saya. Sai da mutane suka yi ca ya janye a 2023. Shi ya sa a jihar Massachusetts ta Amurka aka yi dokar 'yancin gyara a 2012, aka faɗaɗa ta a 2020 da ƙuri'ar kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe, don bakanike mai zaman kansa ya samu bayanan da dila ke samu. Su ma can sun gane cewa wanda ya riƙe ilimin gyara shi ne ya riƙe motar.

Ina abin ya same mu?

Tarihi ya nuna fasahar motar gudu ba ta zama a sama. Birkin faifai da Jaguar C-Type ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, wanda E-Type ta gada a ƙafafu huɗu, yau yana gaban kowace Corolla, har babura ma na da shi. Haka turbo, da giya mai kuloci biyu irin ta Chiron, da injin da ke haɗa fetur da batir, duk sun fara shigowa cikin motocin Kwatano. Tare da su kwaɗon ma yake zuwa.

Iyayenmu sun san zamanin da abin ba haka yake ba. Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba motar ƙawa ba ce kamar E-Type, duk da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Amma 'yan zamani ɗaya ne a tunani: kafireta, filogi, sifana. Shi ya sa ta yi tsawon rai a hannunmu. In ta tsaya a daji direba zai buɗe bonet ya lallaɓa ta zuwa gari, in wani ƙarfe ya gagara samu a Ƙofar Ruwa, a Panteka za a ƙera shi. Dubban gidaje sun ci abinci daga wannan ilimin.

A garejin da na yi SIWES, ogan namu in ya sa kunne a tsohon inji zai gaya maka silindar da ba ta ci, kuma in an kwance haka za a tarar. Amma in aka kawo mota 'yar bayan 2010 fitilar cek injin tana ci, sai ka ga jikin kowa ya yi sanyi. A canza filogi, a canza famfon mai, a canza sensa, mai mota yana biya, fitila tana nan. Na ga an cire tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, na ga an jona fankar lagireto kai tsaye, duk don a zagaye abin da ba a gane ba. Ranar da aka aro na'urar dubawa, oga ya miƙo min ita yana dariya ya ce, "Injiniya, zo ka karanta mana Turancin nan." Mutumin da ya fi ni sanin inji sau ɗari, allo ɗan ƙarami ya tsaya tsakaninsa da sana'arsa. Gurbin da ke tsakanin kunnensa da allon nan, mu 'yan poli ne ya kamata mu cike shi.

Don haka ga abin da nake roƙo. Na farko, mu daina raina kafireta da tsohon injin da ke wokshop, domin wanda bai ga yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa da idonsa ba, lambar da na'ura ta nuna masa ba za ta yi masa amfani ba. Zai zama mai canza kaya ne kawai da sabon salo. Na biyu, kada mu tsaya a nan. Zamani riga ne. Ɗan Mekanikal ya koyi karanta zanen wayoyi da amfani da mita, ya san yadda akwatunan kwamfutar mota ke hira da juna ta layin CAN, wanda Bosch ya gabatar tun 1986. Ɗan Elektirikal da ɗan Kwamfuta su sauko wokshop su ɓata hannu da baƙin mai. Me zai hana a riƙa haɗa ɗalibai daga sassan uku a furojet ɗaya? Na uku, ƙungiyar ɗalibai tana iya sayen na'urar duba mota ko da guda biyu daga kuɗin da muke biya, a riƙa horo ranar Asabar, a gayyato kanikawan gari su koya mana kunne mu koya musu allo. Na huɗu, duk furojet ɗin da za mu miƙa, injin niƙa ne ko na ƙyanƙyasar ƙwai, ya zo da zanensa da awonsa da jerin kayansa, yadda wanda ya gaje shi zai iya gyarawa ba sai ya nemi lambar wayarmu ba. In muna zargin manyan kamfanoni da kulle ilimi, kada mu fara namu ƙaramin kwaɗon tun daga ND II. Waɗanda kuma za su kai ga ofisoshin tsara doka a cikinmu, su tuna da Massachusetts: mai shigo da mota ya shigo da bayanin gyaranta.

Ana iya haɗa biyun, kuma an gwada. Gordon Murray, wanda ya tsara McLaren F1, ya fito da T.50 a 2020: injin silinda 12 na zamani, giyar hannu, nauyi ƙasa da tan ɗaya. Guda 100 aka ce za a yi, kuma attajirai suka saye su tas cikin kwanaki, alamar cewa su ma suna kewar motar da direba ke jin abin da take yi.

Ga masu Bugatti a fuskar waya, ban ce ku cire ba. In aka ba ni Chiron in zagaya fili sau ɗaya, da gudu zan karɓa, kuma in ɗan'uwana zai yi doguwar tafiya, a motar zamani mai jakar iska zan so ya zauna. Amma in aka ce in zaɓi wadda za a ajiye a tsakiyar wokshop ɗinmu don 'yan ND I su kwance su mayar, su fita sun san abin da ake kira inji, Jaguar ta 1961 zan ɗauka. Wanda bai yarda ba, shafin nan a buɗe yake a fitowa ta gaba, sai dai ya zo da lissafinsa a hannu.